Mai Wasa Wuƙar Takalmi

Rediyo ce ta faɗa, ina kan dutsen washi,
tartsatsi na tashi, shayina ya huce:
an damƙa wa Aulis Rautakoski matasan ƙasa,
shi ne sabon kocin hokin ƙanƙara
na 'yan ƙasa da shekara ashirin.
Na kashe injin. Na nemi kujera.

Shekara arba'in ina wannan ɗaki,
ƙarƙashin bencin 'yan kallo, a Kajaani.
Suna wasa a sama, ina wasawa a ƙasa,
su da sanda, ni da dutse.

Yana da bakwai uwarsa Hilkka ta kawo shi,
ƙarfe uku na yamma, gari ya riga ya yi duhu,
da takalman yayansa, an cusa musu jarida.
Ya faɗi sau goma sha ɗaya, ni na ƙirga.
A na sha biyu bai yi kuka ba,
ƙanƙarar ya harara
kamar ta ci masa bashi.

Sauran labarin kowa ya sani.
Lamba sha bakwai, guguwar hagu,
baƙin faifai na bin sandarsa kamar ɗan kwikwiyo.
Ya ƙetare teku, ya bar haƙora huɗu a can,
ya dawo da kofi da karyayyen hanci.
Sai dare ɗaya gwiwa ta ce ƙas,
filin ya yi tsit, har nan ƙasa na ji shirun.

Hunturu shida ba mu gan shi ba.
Aka ce yana tsakiyar tafki, ya huda ƙanƙara,
yana zaune kan bokiti, yana jiran kifi,
mutumin da bai taɓa jiran kowa ba.

To ni dai ina da tsoro, ba zan ɓoye ba.
Iya ruwa fidda kai, haka ne,
amma fidda yaro ashirin da uku fa?
Abin da ƙafarsa ta sani, bakinsa bai sani ba.
Tambayi tsuntsu yadda ake tashi,
zai dube ka ne, ya tashi.
Yaya zai yi da yaron da ya ga raga buɗe ya ɓarar?
Zai tuna faɗuwa goma sha ɗayan nan,
ko tafin kawai zai tuna?

Ranar Laraba na ji taku a matakala,
ɗaya da nauyi, ɗaya na jan ƙasa.
Tun kafin ya leƙo na san gwiwar.
Furfura a gemu, usur a wuya kamar aro ya yi.
Ya ajiye takalma a tebur, ba nasa ba,
sun yi ƙanƙanta.

Ya ce: na Oskari ne, mai tsaron baya,
yana zamewa in ya juya dama,
suna cewa tsoro ne, ni na ce wuƙar ce.
Na duba. Wuƙar ce.

Ina wasawa, ya zaro takarda a aljihu,
sunaye arba'in, duk ta yamutse.
Ya ce: Veikko, sha bakwai zan soke kafin Lahadi.
Da a bugan da katanga ya fi mini sauƙi.
Kowanne sai na kira shi da bakina,
ni ta waya aka sallame ni, na san ɗanɗanonta.

Ban ce komai ba. Na miƙa masa takalmin.
Ya goga farcen babban yatsa a kaifin,
yadda na koya masa tun yana goma,
ɗan farin gari ya zubo.
Ya gyaɗa kai, ya rataya su a kafaɗa,
ya kama matakala a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Can sama na ji usur, ƙaramin sauti, mai shaƙewa.
Bai iya busawa ba tukuna.
Na kunna injin.